Ƙasimu Direba da Gaurakin Fadamar Giginya

Duk wanda ya zauna a Birnin Kudu wajen tsohuwar tasha ya san Ƙasimu Direba, ko da a fuska ne. Dogo ne siriri, mai ɗan ranƙwafawa, hularsa kullum a karkace. Ƙofar gidansa na kallon tamu, shi ya sa na samu zama da shi sosai bayan ya bar aiki. Yawancin abin da zan faɗa daga bakinsa na ji, sauran kuwa daga bakin matarsa Mero da yayansa Dabo.

An haife shi a wata ruga da ta zama ƙauye kusa da Farin Dutse, a ƙasar Gwaram. Iyayensa Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya, suna noman gero da dawa, suna riƙe da 'yan shanu kaɗan. Mahaifinsu ya rasu suna ƙanana, sai mahaifiyarsu Inna Tani ta riƙe su, shi da Dabo. Gabas da ƙauyen akwai wata fadama da ake kira Fadamar Giginya, ta nan hanyar kasuwa ta bi. Inna Tani ba ta wuce tsuntsu ba tare da ta kira sunansa ba, kamar yadda mutum ke gaida maƙwabci. Ga zalɓe, ga dinya, ga kirinjijiya, wancan mai gunaguni a cikin duhuwa ragon maza ne. Dabo shanunsa kawai yake kallo. Ƙasimu kuwa sai ya riƙe sunayen, ya riƙa neman ƙari.

Amma abin da fadamar ta yi suna da shi gauraki ne. Kowace damina sai sun zo sun yi sheƙa a cikin ciyawar da ruwa ya kwanta, biyu-biyu, su ƙyanƙyashe 'ya'yansu. Da safe ana jin kukansu har cikin gida. Ba wanda ke taɓa su. Ba doka aka kafa ba, haka aka taso aka tarar, su ma har sun saba, makiyayi na iya wucewa kusa da su ba su tashi ba.

Shekarar da aka samu mulkin kai Ƙasimu ya bar wa Dabo sanda ya tafi Birnin Kudu. Ya yi yaron mota a hanyar Kano zuwa Bauchi, ya koyi tuƙi, ya karɓi lasisi, ya auri Mero, 'yar wani mai sayar da goro a bakin tasha. Ana cikin yaƙin basasa ya ji ana neman direba a dajin Yankari, inda gwamnati ta killace namun daji don baƙi su zo kallo. Ya je aka gwada shi aka ɗauke shi. Bayan 'yan watanni ya dawo ya ɗauki Mero, suka tare a ƙauyen ma'aikata da ke bakin ƙofar dajin.

Aikin ba shi da wuya a ido. Motar babba ce buɗaɗɗiya mai bencina a baya. Da sassafe a ɗebi baƙi, mai gadin daji ya hau da bindigarsa, a zaga gefen kogin Gaji, a dawo kafin rana ta yi zafi, da la'asar a sake fita. Wahalar ita ce kowa giwa ya zo gani, ko zaki, su kuwa ba a yi alkawari da su ba. Wata rana sai a yi ta yawo ba a ga komai ba sai birai da gadu. Baƙi su yi shiru, fuska a murtuke, kamar direba ne ya ɓoye namun. Ƙasimu mutum ne mai son magana, ba ya iya jure irin wannan shiru. Wata safiya da abin ya ishe shi ya tsayar da mota, ya nuna musu wasu burtu uku suna takawa a cikin ƙonanniyar ciyawa. Ya gaya musu sunansu, da abin da suke ci, da yadda kukansu ke tashi kamar ganga daga nesa. Da Hausa yake yi, yana cusa ɗan Turancin da ya tsinta a tasha. Baƙin suka miƙe tsaye suna ɗaukar hoto. Aka dawo masauki kowa na fara'a, alhali ko sawun giwa ba a gani ba.

Daga ranar ya samu sana'a a cikin sana'a. Cilakowa, tsirya, makokofa, carki a bayan ɓauna, borin tinke a bakin ruwa, duk sai ya tsaya ya nuna. Shi ma ya ƙaru. Wata malamar makaranta Baturiya da ke zuwa daga Jos kowane hutu ta riƙa buɗe masa littafinta mai hotunan tsuntsaye, suna gwadawa da abin da ke kan reshe. A nan ya gane cewa abin da yake tarawa duka ya kira shaho iri-iri ne, kowanne da zanen ƙirjinsa da siffar wutsiyarsa. Ya taɓa rantse mata cewa wata 'yar tsuntsuwa mai ruwan ƙasa matar wani baƙin tsuntsu ce, ashe ba su haɗa komai ba. Yakan ba da wannan labari yana yi wa kansa dariya. Ita ce kuma ta gaya masa cewa wasu ƙananan tsuntsayen da yake gani da rani daga ƙasarsu suke zuwa, su ƙetare teku da sahara. Ya ce ya daɗe bai yarda ba. Da za ta koma ƙasarsu ta bar masa tsohon madubinta na hangen nesa.

Sunansa ya bazu a cikin masu son tsuntsaye, har wasu sukan ɗauke shi tuƙi lokacin hutunsa. Haka ya je dajin Borgu ta wajen Kainji, ya kuma je Waza a ƙasar Kamaru. A Waza ya ga gauraki garke-garke, sun rufe fili, abin da bai taɓa gani ba. Amma da ya dawo abin da yake faɗa shi ne, yawa dai sun fi na garinsu yawa, sai dai daga nesa ake hangen su, da an matsa sun tashi. Na Fadamar Giginya kuwa har ƙwayar idonsu mutum zai gani. Mero ta ce ba baƙon da zai kwana biyu a dajin bai ji labarin wannan fadama ba.

Da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, irin baƙin ma ya sake. A da Turawa ne da Indiyawa da 'yan makaranta. Yanzu sai ga namu, 'yan kasuwa da manyan ma'aikata, da sababbin Fijo da Marsandi, sun zo da iyali a yi wanka a ruwan Wikki a ga giwa. Yawancinsu in ya tsaya nuna tsuntsu sai su ce ya ja mota, ai akwai tsuntsu a gida. Shi ya sa ya ji daɗin Alhaji Salihu.

Alhaji Salihu ɗan kwangila ne daga Kano, mutum mai fara'a da sauƙin kai. A shekarar Udoji ya zo, lokacin da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi. Bai zauna a baya ba, gaba ya shigo kusa da direba. Duk tsuntsun da aka nuna masa sai ya tambayi abin da yake ci da inda yake kwana, ya karɓi madubin ya duba da kyau, ya maimaita sunan. Ya ce shi ma ɗan ƙauye ne, ya yi kiwon tattabaru yana yaro. A fita ta ƙarshe, suna tsaye a bakin ruwa, ya juyo ya ce, "Malam Direba, duk abin da ka nuna mana ban ga gauraka ba. Babu ita a dajin nan ne?"

"Takan ratso jefi-jefi, Alhaji, amma nan ba gidanta ba ne. Gauraka sai garinmu."

Alhaji ya ce ina ne garin nasu. Ƙasimu ya kashe mota ya gyara zama. Ya kwatanta masa hanya daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, da inda ake sauka daga titi, da wata kuka mai rami da ake karya kwana a gindinta. Ya gaya masa cewa sai marka ta kankama ake zuwa, lokacin an ƙyanƙyashe. Ya gaya masa yadda uwar ke janye mutum nesa da sheƙa, da yadda 'ya'yan ba sa gudu in sun ji motsi, sai su lafe a cikin ciyawa, in mutum ya san inda zai duba har hannu zai iya sa musu. Ya ce in Alhaji ya je ya tambayi gidan Dabo, ya ce shi ne ya turo shi, za a sauke shi a kai shi har wurin. Alhaji ya ce in Allah ya so zai je. Ƙasimu ya koma gida ran nan yana gaya wa Mero cewa yau ya samu mutumin da ke sauraro.

A al'ada in ruwa ya sauka baƙi kan ɗauke ƙafa, Ƙasimu ya tafi gida ya taya Dabo noma. Amma a shekarun nan an samu kuɗin gyaran hanyoyin cikin daji, aka riƙe direbobi suna jigilar tsakuwa da jar ƙasa. Damina biyu bai leƙa gida ba. Ya dai je da wata Sallah, cikin rani, lokacin da fadama ta bushe gauraki sun yi nisa kamar yadda suka saba. Suna zaune bayan sun ci tuwo Dabo ya ce masa baƙinsa sun zo da damina, an sauke su. Ƙasimu ya tambaya ko sun ga gaurakin. Dabo ya ce sun gani. Ƙasimu ya ce madalla, ya shiga ba da labarin wata giwa da ta tare masa hanya. Dabo ba mai yawan magana ba ne, bai ƙara komai ba. Inna Tani tana jin su daga bakin ɗaki.

A damina ta uku aka aiko masa cewa jikin Inna ya yi tsanani. Ya nemi izini ya taho, ya iso da yamma ana yayyafi. Ya same ta ta rame ƙwarai, amma ta gane shi, ta sha ɗan kunu a hannunsa. Washegari bayan sallar asuba ya zauna a tsakar gida, sai ya ji kamar akwai abin da ya ɓace, ya kasa gane ko mene ne. Zakaru na cara, maruƙa na kuka, mata na daka. Sai can ya gane cewa ba ya jin komai daga gabas. Ya rataya madubinsa ya nufi fadama.

Ruwa ya kwanta yadda ya saba, ciyawa ta yi kyau. Ya ga belbela, ya ga dinya biyu, ya ga kirinjijiya, zalɓe na tsaye a inda zalɓe ke tsayawa. Ya bi gefe har ƙarshen giginyun, ya hau wani suri ya duba ko'ina. Ya naɗe wando ya shiga ruwan, ya bi wuraren da ya san ana sheƙa tun yana yaro. Babu ko ɗaya. Ya dawo ya tarar da Dabo yana kwance shanu.

"Yaya, ina gaurakin nan suka shiga?"

Dabo ya tsaya da igiya a hannu, ya dube shi. "Ni kake tambaya? Ba kai ka aiko a kwashe su ba?"

A tsaye a nan cikin garke Dabo ya ba shi labari. Alhaji bai zo da kansa ba. Wani mutum ne ya zo mai suna Sabo, da mutum biyu, a cikin a-kori-kura, da kwanduna a baya. Suka ce Ƙasimu ne ya turo su daga wajen Alhaji Salihu. Sun kawo wa Inna goro da sabulu da turmin atamfa. Dabo ya yanka musu kaza, ya ba su ɗakinsa, da safe ya shige gaba ya kai su fadama. Sai da ya ga suna tsintar 'ya'yan suna zubawa a kwando ya gane abin da ya kawo su. Inna ta ce a hana su. Dabo ya ce mata Ƙasimu aikin namun daji yake yi, ya fi su sanin abin da ya dace, wataƙila gwamnati ce ke son a kai su dajin da yake. Da damina ta zagayo Sabo ya dawo, wannan karon da raga, ya kama har manyan. Samarin ƙauye suka ga abin ana saye, suka shiga nema da kansu, wasu masu saye ma suka fara zuwa daga wasu wurare. Bana da ruwan farko gauraki biyu sun zo, suka yi ta kewaya fadamar suna kuka, ba su sauka ba.

Ƙasimu bai taɓa ɗaga wa yayansa murya ba sai ran nan. Ya ce don me ba a aika an tambaye shi ba, don me za a bar baƙo ya yi wannan ɓarna ana kallo.

Dabo ya bari sai da ya gama, sannan ya ce, "Sun faɗi sunanka, sun faɗi nawa. Sun san kukar da ake karya kwana, sun san watan ƙyanƙyasa, sun san 'ya'yan ba sa gudu. Wa ya gaya musu? Kuma da Sallah na ce maka sun zo, ka ce madalla."

Dabo ya kora shanunsa ya tafi.

Da rana ya shiga wajen Inna ya zauna a gefen tabarmarta. Ya yi niyyar ya gaya mata cewa bai aiko kowa ya ɗauki komai ba, baki ne kawai ya yi masa yawa. Kafin ya fara sai ta buɗe ido ta ce, "Ƙasimu, inda ka kai su akwai ruwa?"

Ya daɗe yana kallon hannunta. Sannan ya ce, "Akwai, Inna."

Ta ce to, Alhamdu lillahi, dama abin da ke damunta ke nan, don ba sa zama inda babu ruwa. Ta koma barci. Kafin a yanke gero ta rasu, bai ƙara samun ranar da take da ƙarfin doguwar magana ba.

Bayan sadakar bakwai bai koma aiki kai tsaye ba, sai ya hau mota zuwa Kano. Neman gidan bai ba shi wahala ba, don Alhaji Salihu sananne ne a wajen direbobin tifa. Gida ne sabo a bayan gari, da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Tun a hanya Ƙasimu ke shirya maganganun da zai faɗa, masu zafi. Amma da Alhaji ya fito ya gan shi sai ya rungume shi, ya kira iyalinsa su gaida malaminsa na tsuntsaye, ya sa aka kawo abinci. Da ya ji rasuwar Inna ya yi addu'a sosai. Sannan ya kama hannunsa ya ce ya zo ya ga abin da zai faranta masa rai.

A bayan gidan akwai fili mai ciyawa da ake ba ruwa da famfo, da wani ɗan tafki na siminti cike da ruwa. Gauraki huɗu na yawo a kai. Sun yi ƙiba, gashinsu na sheƙi, tukkunsu a tsaye kamar an taje. Da suka ga mutane sai suka taho da gudu suna miƙa wuya a ba su hatsi.

Ƙasimu ya gaya masa abin da ya tarar a gida. Murya ƙasa-ƙasa ya yi maganar, zafin duk ya tsere masa. Fuskar Alhaji ta nuna da gaske bai sani ba. Ya ce shi 'yan kaɗan ya ce a kawo masa, sau ɗaya, ya ajiye waɗannan, ya ba abokai wasu, wasu kuma sun mutu a hanya. Abin da Sabo ya yi daga baya kasuwancinsa ne, ya ji ana cewa yana sayar wa masu fita da su ƙasashen waje ta jirgi.

"Wallahi na ɗauka in ka gan su za ka yi murna," in ji Alhaji. "Kai ka sa na so su."

Ƙasimu ya roƙe shi ya ba shi biyu ya mayar gida. Alhaji bai yi musu ba, ya ce ya zaɓa. Namiji da mace a gauraka kusan kamarsu ɗaya, don haka ya tsaya ya lura da biyun da ba sa rabuwa, ya ce su. Aka sa su a babban akurki, Alhaji ya sa direbansa ya kai shi tasha. A bayan babbar mota ya zauna tare da su har Gwaram, ya lulluɓe su da babbar rigarsa saboda iska. Ya lura fiffikensu ɗaya ya fi ɗaya gajarta, amma ya ɗauka gashi aka aske, irin yadda ake yi wa tattabara, zai sake tsirowa.

Shi da Dabo suka kai su fadama da safe, mutanen ƙauye na biye. Aka buɗe akurki. Suka fito suka tsaya suna dube-dube, sannan suka taka cikin ruwa suka fara tsince-tsince. Can sai ɗayan ya buɗe fukafukai ya yi tsalle, irin rawar da suke yi, ya ruga da gudu zai tashi. Bai ko rabu da ƙasa sosai ba ya karkace ya faɗi a gefe. Ya miƙe ya sake, ya sake faɗuwa. Ƙasimu ya shiga ruwan ya kama shi, ya buɗe fiffiken ya shafa. Ba gashi aka aske ba. Ƙashin aka datse daga gaɓa tun suna ƙanana, wurin ya warke ya yi sumul. Ya duba ɗayar, haka ita ma.

Ya ce a bar su dai a gani. Mutane suka watse. Da yamma da Dabo ya koro shanu gida, sai ga gaurakin nan biyu a bayan garke, suna biye har cikin gida. Na daji a kan bishiya suke kwana, waɗannan ba su da hanyar hawa, kuma ba su san kowa ba sai mutum. Dabo ya yi musu wuri kusa da maruƙa. Kullum su bi shanu zuwa fadama su dawo. Da kaka ta yi, wata rana ɗaya ya yi nisa a cikin karan dawa, dila ya kama shi. Ɗayar da ta rage, wadda suke zaton macen ce, ta kwana biyu tana kuka ba ta ci ba, daga baya ta haƙura. Ta daina bin shanu, ta zama ta gida, tana tsintar tsaba tare da kaji.

Ƙasimu ya koma Yankari ya ci gaba da tuƙi. Bai daina tsayawa ya nuna tsuntsu ba, don baƙi sun san shi da haka, amma Mero ta ce maganar ta gajarce. Ya faɗi suna, ya miƙa madubi, ya jira a gama kallo, ya ja mota. In aka tambaye shi inda wani tsuntsu ke sheƙa sai ya ce bai sani ba, ko da itacen na gabansu. Labarin garinsu kuwa ba wanda ya ƙara ji a bakinsa. Mutane sun yi ta ba shi baki. Suka ce ko bai yi magana ba wani zai yi, masu kamun nan ba fadamar da ba su shiga ba a ƙasar Kano da Barno. Suka ce ga fari da aka yi, ga masu tarakta sun fara nome fadamu suna zuba shinkafa, ko ba a kama su ba da sun tafi. Yakan ce haka ne, kuma na san ya yarda akwai gaskiya a ciki. Amma ni da kaina ya taɓa gaya mini cewa sauran fadamun ba shi ya kwatanta hanyarsu ba.

Da Dabo ba su yi gaba ba. Suna zumunci, ana biki ana suna tare, Ƙasimu na aika abin da ya samu, Dabo na aiko da hatsi da man shanu. Sai dai tsakaninsu ya yi sanyi, in sun zauna maganar ba ta wuce gona da farashin shanu. In Ƙasimu ya je gida gaurakar nan takan zo ta tsaya a gabansa tana jiran tsaba, ya watsa mata, ya kau da kai.

Ta yi shekaru a gidan. A shekarar da kuɗin mai ya ja baya aka fara rage ma'aikata, Ƙasimu ya karɓi sallama ya dawo Birnin Kudu da iyalinsa. Bai daɗe da dawowa ba Dabo ya aiko wani mai zuwa kasuwa ya gaya masa cewa tsuntsuwar ta mutu, an wayi gari an same ta kwance a gindin rumbu. Mero ta yi mamaki da ta ga ya sa riga ya nufi tasha, ta ce ai ba mutum ne ya rasu ba. Ya ce ya sani.

Ya tarar da Dabo a ƙofar gida yana tufka igiya. Dabo ya riga ya binne ta a bayan garke, don kada yara su fige gashin. Suka gaisa, suka zauna, aka kawo fura. Sannan Dabo, idonsa na kan igiyar, ya ce, "Ran da na ga kwandunan nan, da na tsayar da su na aika maka. Inna ta faɗa mini. Kunyar baƙo ce ta hana ni."

Ƙasimu ya ce, "Ba laifinka ba ne, Yaya. Ni na buɗe musu ƙofa, kai ka tarar da su a ciki."

Dabo ya ce Allah ya yafe musu baki ɗaya, Ƙasimu ya ce amin. Ya yi niyyar komawa a ranar, amma Dabo ya ce ya kwana, gobe akwai bijimin da yake so su kai kasuwa tare, shi idonsa ya fara rauni, masu saye na cutarsa. Ya kwana, suka kai bijimin. Daga nan kusan kowace ranar kasuwar Gwaram sai ya je.

Sauran shekarunsa ya yi su yana jan motar wani ɗan kasuwa tsakanin Birnin Kudu da Kano, har gwiwa ta hana shi taka kuloci. Daga nan sai zaman ƙofar gida, inda na san shi. Ya riga Dabo rasuwa da damina ɗaya. Ya bar Mero da 'ya'ya biyar, biyu daga cikinsu direbobi ne.